Hannun Kawu a Bayan Inji

Daga Allah muke, gare Shi kuma Kawu ya koma, wata Laraba da safe a ƙarshen damina, gero ya fara nuna, ba a daɗe da ba mu jiharmu ta Zamfara ba. Allah Ya yafe masa, Ya yalwata masa makwanci.

Na zauna rubuta wannan ne saboda wani tsoro da ya hana ni sukuni. Tun ranar addu'ar uku na lura labarin yadda Kawu ya rasu ya fara cinye labarin yadda ya rayu. Ina gudun nan da ƴan shekaru a ce ba abin da ya rage daga gare shi sai wannan yinin guda. Ban tabbata rubutu zai hana hakan ba, amma zama kawai ya gagare ni.

An shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidansa na Tudun Wada, motoci suka cika layin har amalanke ba ta samun hanya. Direbobin hanyar Tsafe sun zo, na Bungudu sun zo, wasu manoma daga Kwatarkwashi sun zo da laka a ƙafafunsu. Kowa da abin da ya tuna. Wani dattijo ya ce Kawu bai taɓa mayar masa da mota ya bar ragowar ƙarfe a ƙasa ba. Wani ya ce bai taɓa jin ya aibata aikin wani bakanike ba, sai dai ya yi tsaki ya gyara. Limamin unguwa da ya shafa addu'a ya ce mamaci mutum ne mai haƙuri. Sai wani tsohon direba, abokin wasan Kawu tun ƙuruciya, ya gyara zama.

"Allah shi gafarta Malam, haƙuri kam akwai shi. Amma ba ka taɓa yin tari shina bayan inji ba."

Aka yi dariya, irin wadda ke kuɓuce wa mutane a zaman makoki. Ba ta yi nisa ba ta mutu, don kowa ya tuna. Kawu Auta, ƙanin mamacin kuma abokin aikinsa a gareji, ya miƙe ya saka takalmansa ya bi ta bayan masallaci. Bai dawo tabarmar ba sai bayan la'asar.

A cikin gida abin ya fi haka zafi. Mahaifiyata ita ce tsakanin Kawu da Kawu Auta a haihuwa, kuma ba ta iya riƙe magana a ciki. A gaban mata ta faɗa, da muryar da aka ji har zaure: "Mutum shina mutuwa tsaye, ƙatti na zaune suna kallo. Wai an ce a yi shiru."

Wanda bai san garejin Kawu ba ba zai fahimci wannan magana ba, don haka bari in yi bayani iyakar sanina, ni da ba bakanike ba.

A bayan injin mota akwai wani ƙoƙon ƙarfe da ke haɗa inji da giyabos, kuloci yana cikinsa. Notuna ne suka kewaye bakinsa. Na ƙasa da na gefe ba su da wahala, mutum zai kwanta ƙarƙashin mota ya gan su. Biyu na sama su ne matsala. Suna maƙale a wani ɗan lungu tsakanin bayan inji da bangon ƙarfen da ya raba shi da mazaunin direba. Daga sama ba a ganinsu, daga ƙasa ba a kai musu. Wasu kanikawa kan saukar da bayan giyabos kaɗan, su haɗa sanduna su zuro soket daga nesa. Wasu kuma, an ce suna da yawa, idan suka sha wahalar kwance su sau ɗaya ba sa mayar da su. Mota za ta yi ta tafiya a haka har ranar da ƙoƙon zai tsage.

Kawu yana da tasa hanyar. Zai hau kan tsohuwar taya, ya shimfiɗa buhu a saman inji, ya kwantar da ƙirjinsa a kai, ya ɗora kunci, ya rufe ido, sannan ya zura hannun hagu ta baya har kusan kafaɗa. Yana da wata gajeriyar sufana da wani maƙeri a Kwatarkwashi ya lanƙwasa masa a wuta, yakan ɗaure ta da igiya a wuyan hannu kada ta faɗa ciki. Yakan ce, "A can ido ba shi da aiki. Yatsa ke gani." Abin da yake tsoro shi ne noti ya hau a karkace. In haka ta faru zaren ramin ya lalace, sai an sake fitar da inji gaba ɗaya. Shi ya sa ba ya son ko motsi idan yana wannan aiki. A kashe rediyo. Mai shayin gefen gareji ya daina buga cokali. Wanda ya shigo da sallama a amsa masa da hannu. Magana ɗaya ake yi: "Ya shiga baya." Kowa ya ji ta sai ya nemi benci ya zauna. Kawu Auta ne mai tsaron wannan doka, tafin hannunsa kawai yake ɗagawa.

Ranar Talatar da abin ya faru ba na wurin. Ina sakatariya ina bin layin neman aiki. Abin da zan faɗa na tattaro shi ne daga bakin waɗanda suke nan, kuma bakinsu bai zo ɗaya ba a ko'ina.

Motar akori-kura ce ta wani Bafulatani manomi daga wajen Bungudu, an canza mata kuloci, saura a ɗaure notunan sama. Bayan azahar Kawu ya shiga baya. Mutane suka zauna. Can aka daina jin ƙarar sufana, amma wannan ba sabon abu ba ne, yakan tsaya yana lalube. Wani direba ya ce ya ga ƙafar Kawu ta ɗan zame a kan tayar, har ya buɗe baki, sai Kawu Auta ya ɗaga hannu ya ce a hankali, "Ku bar shi, shina nemansa ne." Aka bar shi.

Tsawon wane lokaci? Na tambayi duk wanda na samu. Wani ya ce bai fi a sha shayi kofi guda ba. Wani ya ce inuwar mangwaron gareji ta matsa sosai. Mai shayi ya ce shi bai duba ba, kansa na ƙasa. Mai motar ne, da yake baƙo ne a dokar, ya gaji ya taso ya leƙa fuskar Kawu. Ya ga bakinsa ya karkace, yawu ya jiƙa buhun. Kafin a zaro hannun sai da aka yanke igiyar, don sufanar ta maƙale. An kai shi asibiti. Bai ƙara magana ba har gari ya waye Allah Ya karɓi abinSa.

To wannan shi ne yinin. Ga kuma mutumin.

Kawu siriri ne, kuma da gangan. Inna, matarsa, ta yi shekaru tana faɗa da shi a kan tuwo. Duk sanda ta ce ya ƙara sai ya ɗaga hannun hagu ya juya shi a gabanta. "In wanga ya yi ƙiba, wa za shi shiga?" Ita kuma ta ce, "Ni da na auri mutum, ashe sufana na aura." Hannun nan ba gashi a jikinsa ko ɗaya, tabo ne daga wuya har gwiwa, sabo a kan tsoho. Ba ya ɗaura agogo. Ba ya barin farce. Idan ya ɗauki jikokinsa da hannun dama yake ɗauka, ya ce na hagu na mutane ne.

Da aka yi jiha Gusau ta cika da motoci da masu sauri. Manyan ma'aikata na turo direbobinsu a ce ana so yanzu-yanzu. Kawu bai canza tafiyarsa ba. Na taɓa ji ya ce wa wani, "Ka gaya wa maigidanka motar ba ta san an yi jiha ba."

Sun taɓa yin faɗa da Kawu Auta, faɗan da kowa a dangi ya sani. Kawu ya tafi Tsafe ɗaurin aure, aka kawo tasi ana gaggawa. Kawu Auta, wanda hannunsa ya fi na wansa kauri, ya shiga mazaunin direba ya yanka ƴar taga a bangon ƙarfen, ya ɗaure notunan ta ciki cikin sauƙi, ya toshe da gwangwani. Mai mota ya tafi yana sa albarka. Da motar ta dawo wani gyaran Kawu ya ɗaga shimfiɗar ƙafa ya gani.

"Auta, ka huda wa mutum ɗaki don hannunka shi huta. Hayaƙin da za shi shiga, kai za ka shaƙa ko matan da ke zama gaba?"

"Yaya, na toshe."

"Da gwangwanin madara."

"To Yaya, hannunka ba dawwama za shi yi ba. Ranar da babu kai fa, mi za mu yi?"

Har yau ban san wa ya fi gaskiya a cikinsu ba. Wani lokaci ina ganin Kawu ne, wani lokaci Kawu Auta. Sun daina cin abinci tare har kaka ta wuce. Inna kuwa ta ƙi raba musu kwano. Kullum kwano ɗaya take aikawa gareji, ɗaya ya ci rabi ya tashi, ɗayan ya zo ya ci sauran. A ƙarshe Kawu ne ya sauko. Ya kama hannun ƙaninsa ya shafa masa baƙin mai har gwiwa, ya tura shi lungun da kansa, ya ce ya rufe ido. Sun yi kwanaki a haka kafin yatsun Kawu Auta su gane hanya. Tun daga nan babu wanda ya kai shi tsananin tsare shirun. Ina ganin da shi yake biyan wansa, ko da yake bai taɓa faɗa mini haka ba.

Ni ma ina da nawa da zan tuna. Da na dawo daga bautar ƙasa ba aiki, wata ɗabi'a ta yi mini yawa. In na kulle ɗaki na yi nisa sai in dawo in taɓa kwaɗon, in sake tafiya in sake dawowa. Mahaifiyata ta fara maganar a nema mini rubutu. Wata safiya Kawu ya zo ya ce in tashi in raka shi Bungudu. Lokacin wahalar man fetur ne, da ƙyar muka samu mota, a matse muka je. A bakin kasuwa ya yi ta dubawa har ya gano wata bas da ya gyara jiya. Ya sa direban ya buɗe, ya jira inji ya huce, ya zura hannu ya rufe ido. Da ya zaro sai ya ce, "A ɗaure suke."

Na ce, "To Kawu, me ya kawo mu?"

"Ban tuna na ɗaure su ba. Na kasa cin abinci."

Ya saya mini rake muka juyo. Mun kusa Gusau ya ce, ba tare da ya kalle ni ba, "Ka gaya wa uwarka ba kai kaɗai ba ne a gidan. Amma in ka koma ka taɓa ka ji a ɗaure, to ka tahi. Ba a taɓawa sau biyu." Na daɗe ina zargin ya tuna sarai cewa ya ɗaure su, don ni kawai ya yi tafiyar. Ba ni da hujja. Ban tambaye shi ba, yanzu kuma babu dama.

Bayan addu'ar bakwai gareji bai buɗe ba. Akori-kurar na nan yadda aka bar ta, an lulluɓe gabanta da tamfol. Kawu Auta ya ce shi ya bar kanikanci, zai koma gonar gado a Kwatarkwashi. In ya gaishe da mahaifiyata ba ta amsawa. Ya rame, ya daina zama majalisa. Ni kuma na rasa wurin zama, in je gidan Kawu, in je gareji in tsaya a bakin ƙofa, in dawo gida, in sake fita.

Wata rana mahaifiyata ta tsare ni. "Kai da ka yi karatu, gaya mini. Da an ɗauke shi da wuri, da ya tashi?"

Na ce ni tarihi na karanta, kuma ajali na Allah ne. Ta ce ta san ajali tun ban zo duniya ba, ba shi ta tambaye ni ba. Na gane amsata ce za ta raba ta da ƙaninta ko ta mayar da su. Washegari na hau mota zuwa Tsafe wurin wani abokin karatuna da ke aikin jinya. Na faɗa masa komai. Ya ce irin wannan ciwo kala-kala ne. Akwai wanda ko a gadon asibiti ya same ka ba abin da za a yi, akwai wanda saurin kai mutum kan taimaka. Na ce na Kawu wanne ne? Ya ce ba wanda zai iya gaya mini, sai in yana so ya yi mini ƙarya. A hanyar dawowa na yi ta tunanin in zaɓi rabin farko kawai in kai mata. Na kasa. Na faɗa mata duka biyun.

Ta ce, "Wato dai ba ka sani ba."

Na ce, "Ban sani ba."

Sai mai motar ya zo daga Bungudu. Ya sake yin ta'aziyya, ya daɗe yana wasa da sandarsa kafin ya ce an yanke gero yana zube a gona, kuma yana tsoron ruwan ƙarshe. Ya ce in da hali a bar shi ya jawo motar zuwa wani gareji. Kawu Auta ya ce ya jawo ta gobe.

Maganar ta kai wa Inna, wadda ke cikin takaba. Ta aike ni in kira Kawu Auta da mahaifiyata. Inna ce ta riƙe Kawu Auta tun yana ƙarami bayan rasuwar kakata, shi ya sa shi ma Inna yake ce mata. Tana zaune a ɗakinta bayan labule, mahaifiyata na ciki tare da ita, shi ya tsuguna a bakin ƙofa, ni na tsaya a gefe.

"Auta, an ce za ka tahi gona."

"Haka ne, Inna."

"Kai da ba ka bambanta gero da maiwa sai an dama maka." Bai yi dariya ba. Ta ce, "Abu ɗaya zan tambaye ka. Da ka taɓa shi ran nan, ka iske lafiyarsa lau, mi za shi yi maka?"

Ya ce, "Za shi jefe ni da sufana."

"To."

Mahaifiyata ta ce, "Da a jefe shi da a rasa mutum, wanne ya fi?"

Inna ta ce, "Ke ma da kina wurin shiru za ki yi. Ni na zauna da shi, na sani. In ya shiga tunanin aiki a tsakar gidan nan ko turmi ba na bari a taɓa. Shi ya kafa dokarsa, mu duka munka bi, har ni. Ban ce ba a yi kuskure ba. Amma ba na Auta kaɗai ba ne, kuma ba zan rasa miji in rasa ɗan da na goya a wata guda ba."

Na ji mahaifiyata na jan hanci a bayan labulen. Inna ta ci gaba da magana.

"Auta, ka je ka gama motar bawan Allah, geronsa na ƙasa. Amma shirun nan an rufe shi da mai shi. Daga yau duk wanda ya shiga baya a riƙa yi masa magana, shi kuma shi amsa."

"Inna, noti za shi hau a karkace."

"Shi hau. A fitar da injin." Sannan ta ce da ni, "Kai kuma tunda ba ka iya zama wuri ɗaya, ga aiki ka samu. Kai za ka riƙa kiransa."

Da Kawu Auta ya miƙe ya ce wa mahaifiyata, "Yaya, sai an jima." Ta amsa can ƙasan maƙoshi. Ban ce sun shirya ba. Na dai ce ta amsa.

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya sa wahalar da hannun nan ya sha a kan motocin mutane ta zama sanyi a gare shi, Ya ba waɗanda ya bari haƙurin juna.

Da safe muka yaye tamfol. Mai motar na zaune a benci, tsohon direban nan ma ya zo, da wasu. Kawu Auta ya shimfiɗa sabon buhu, ya lalubo sufanar inda ta maƙale, ya ɗaura mata sabuwar igiya. Ya tsaya yana kallon tayar kafin ya hau. Ya kwantar da ƙirji, ya ɗora kunci, ya rufe ido, hannun ya shige. Ba wanda ya ce a yi shiru, amma mai shayi ya ajiye cokalinsa, wani ya miƙa hannu ya kashe rediyo. Bakina ya yi nauyi kamar zan yi magana a cikin sallah.

Na ce, "Kawu, kana nan?"

"Ina nan."

Sufana ta yi ƙara, ta tsaya. Na kalli ƙafarsa a kan tayar.

"Kawu?"

"Ina nan na ce."

Ta sake tsayawa, wannan karon ta daɗe. Na matsa kusa.

"Kawu, kana..."

"Kai, don Allah ka yi mini shiru, na kusa kama shi."

Na ja baya na yi shiru. Kowa ya yi shiru. Sai muryarsa ta fito daga kan buhun, a daƙushe, idonsa a rufe.

"A'a. Ci gaba da kira."